Muƙamuƙin da Malam Daidai Ya Zana

Mijin yayata malamin zane ne a makarantar da nake koyar da kimiyya. Ba zanen furanni da tsuntsaye ba, zanen rula da kamfas, irin wanda magina da masu walda ke aiki da shi. Shekara ashirin da tara yana wannan aiki a ɗaki guda, na can ƙarshen baranda, mai taga uku, ɗaya ba ta rufuwa tun kafin a ɗauke ni aiki. Kalma biyu ce jarinsa a aji. In ɗalibi ya kawo aiki sai ya ɗora rula a kai, ya duƙa ya duba, ya ce "daidai" ko ya ce "sake". Yara suka laƙaba masa Malam Daidai, sunan ya bi shi har gida. Yaya ma in tsokana ta motsa mata haka take kiransa.

Ɗan kafinta ne, a cikin garin katako ya tashi, shi ya sa har gobe ba ya rabuwa da fensir a bayan kunne. Da reza yake fiƙe shi, wai abin fiƙa na roba cin fensir kawai yake yi. Ranar farko da ya zo gidanmu neman Yaya, kafin a gama gaisawa ya lura ƙafar kujerar mahaifiyarmu ɗaya ta gaza. Kashegari sai ga shi da zarto. Tsohuwa ta ce mutumin da ya tausaya wa kujera ba zai wulaƙanta mace ba, aka ba shi. Ni kuwa bakina ba ya shiru, tun daga ranar nake zolayarsa, shi kuma iyakarsa ya ce, "Ƙanin mata, ka dai rage surutu."

Sun haifi mata uku, sannan namiji ɗaya, Auta. Yaron yana makarantar kwana, shekararsa goma sha biyar, ya taso hutu a wata ƙaramar bas. A hanya bas ɗin ta yi karo da tankar mai, wuta ta tashi. Ba wanda ya fita. Ni da Malam muka je asibitin da aka kai su, muka tarar an jera jakunkuna goma sha takwas a kan tamfol, kowace da abin da aka tsinta kusa da ita a cikin 'yar leda: agogo, zobe, ƙarfen bel. A leda ta bakwai akwai makullin akwatin Auta. Malam da kansa ya huda masa rami na biyu ya zura waya, don haka ba wata tantama. Ma'aikacin ɗakin gawa ya ce, "To wannan naku ne."

Ni ban iya leƙawa ba, gaskiya, na fita waje na yi amai. Malam ya buɗe jakar ya duba, ya daɗe yana dubawa. Da na dawo na same shi zaune a benci yana jiran takardu, ya ɗora littafinsa a gwiwa yana zane. Na ji haushinsa ƙwarai a lokacin, na ce a raina wannan wane irin uba ne. Ban tambaye shi me yake zanawa ba, muka ɗauko jakar muka dawo aka binne.

Yaya tela ce, keken ɗinkinta a baranda yake. Bayan wannan abu shekara uku keken yana lulluɓe da zane. Takan ɗora tukunya ta manta har ta ƙone, a yi mata magana sau uku kafin ta waiwayo. An kai ta asibiti, an sha magani, an canza magani. Abin da ya dawo da ita a ƙarshe ba maganin ba ne. Wata rana ta ji labarin wata mata da ɗanta ya fita bai dawo ba, ba gawa ba labari, sai ta ce, "Allah sarki. Ni dai na san inda nawa yake kwance." Daga nan ta yaye zanen keke. A kan wannan magana guda Yaya ta tsaya da ƙafarta, ta aurar da 'ya'yanta uku, ta goyi jikoki, har dariya ta dawo mata.

Malam kuwa bai faɗi ba balle a ce ya tashi. Kwana huɗu da binnewa ya koma aji. Ba wanda ya ga hawayensa. Sai dai ya daina sauraron rediyo, ya daina gardamar ƙwallo a ofishin malamai, abinci kuma in an ba shi ya ci, in an manta ba zai tambaya ba. Haka aka yi shekara goma sha ɗaya.

A hutun bara aka aiko wa makarantu takarda, wai jami'a za ta yi wa malamai bitar kwana biyar kan kimiyyar binciken laifi da karanta ƙasusuwan mutane, don mu kai wa ɗalibai su daina gudun kimiyya. Kowace makaranta mutum biyu. Ni ɗaya, ɗayar kuma malamar ilimin halittu, sai ta haihu ana saura kwana uku. Shugaban makaranta ya duba duk ofis, kowa ya sunkuyar da kai, ya ce Malam Daidai ya je tunda shi ba ya musu. Sai da muka hau mota na tuna abin da za a je a koya. Na ce, "Malam, ko ka koma in ce ba ka da lafiya?" Ya ce, "Lafiyata ƙalau."

Mu arba'in ne a wani ɗakin gwaji mai dogayen tebura da famfo a kowane ƙarshe. Mai koyarwar wata gajeruwar mata ce, tabarau rataye a wuya, kowa Dakta yake ce mata. Aikinta ke nan, in an yi ambaliya ko gobara ko an tono wani rami, ita ake kira ta faɗi wane ne wane. Ranar farko muka goga bakin fensir a takarda, muka dangwala yatsa, muka ɗauke zanen yatsan da salatif. Ka ga manyan mutane masu furfura suna nuna wa juna babban yatsa. Rana ta biyu aka kewaye wani lungu da igiya, aka ajiye takalmi ɗaya da fasasshen kofi, aka ce mu bincika. Kafin Dakta ta gama bayani malamai sun tattake wurin tas, wani ma ya ɗauki kofin ya kai kwandon shara, wai kada ya yanki wani. Rana ta uku muka durƙusa a cikin yashi muna tono ƙasusuwan roba da buroshi. Na yi ta satar kallon Malam. Ba abin da ya nuna. Yana auna ƙashin cinya da rularsa, yana zanawa, zanensa ya fi na cikin littafin da aka raba mana kyau.

Rana ta huɗu aka zo kan haƙora. Dakta ta ɗaga muƙamuƙin roba ta ce ba abin da ya kai haƙori jure wuta, musamman na can ƙurya da kumatu ke karewa. Ta nuna haƙorin tauna na ƙarshe, turmi na uku, ta ce wannan ba ya cika fitowa sai mutum ya haura sha bakwai, wani ma sai ya wuce ashirin. In ka gan shi ya fito har samansa ya suɗe saboda tauna, to mai shi ya daɗe da zama babba. In kuma haƙori ya fita bayan mutuwa, raminsa a buɗe za ka gan shi, mai kaifin baki. Amma in ramin ya cike ya shafe sumul, to an cire haƙorin da shekaru, mutum yana raye, ƙashi ya warke.

Sai wani malami ya tambaya, to in an sami katin shaida ko agogo kusa da gawa fa, ai an huta da duk wannan. Dakta ta cire tabarau ta ce, "Nan ne aka fi yin kuskure. Mota in ta kife, kayan mutane watsewa suke yi. Masu kwasa kuma cikin gaggawa suke, hankali a tashe. Makulli ko agogo zai nuna maka mai shi ya zo wurin, ba zai nuna maka wannan gawar tasa ce ba."

Da aka tashi cin abincin rana Malam bai fito ba. Na koma na same shi shi kaɗai, yana juya muƙamuƙin roban a hannu. Na ce ya zo abinci zai ƙare, malamai ba su da tausayi a gaban tukunya. Ya ajiye ya biyo ni, ya ci, ya wanke hannu.

Rana ta biyar da safe, kafin a fara, na hango shi ya je teburin Dakta ya miƙa mata wata takarda da ta yi jaja-jaja don tsufa. Abin da ya ce mata, daga baya ita ta gaya mini, shi ne, "Dakta, a duba mini wannan." Ba ƙari. To ka san halin malamai, duk takardar da aka miƙo mana aikin gida ce. Ita ma haka ta ɗauka. Ta ga zane mai kyau, ta yi murna ɗalibi ya yi ƙoƙari, ta sa shi a na'urar haska hoto. Sai ga muƙamuƙi ya cika bango, kowane haƙori da inuwarsa, har tsagewar da wuta ta yi wa ƙashin.

"Ku ga aikin abokinku," in ji ta. "Wa zai karanta mana? Yaro ne ko babba?"

Hannuwa suka tashi. Wata malama har tana ɗaga ɗuwawu daga kujera tana cewa ni, ni, irin abin da muke hana yara. Ta ce turmi na uku ya fito dama da hagu, babba ne. Wani ya ce ba fitowa kaɗai ba, ya suɗe, ya ba talatin baya. Wani daga baya ya ce a duba hagu, akwai gurbin haƙori guda da ya shafe, an cire shi da daɗewa. Aka ɗan yi gardama, talatin ne ko arba'in. Ni ma, Allah ya yafe mini, na ɗaga hannu zan ce wani abu. A lokacin idona ya sauka a kusurwar takardar. Malam ba ya karɓar zanen da ba kwanan wata a kusurwar dama, shi ma ba ya yin zane babu shi. Na karanta kwanan watan, na sauke hannuna.

Auta shekararsa goma sha biyar. Ba a taɓa cire masa haƙori ba, rake yake ɓarewa da baki.

Dakta ta ce a tafa wa aji, aka tafa. Ta juya ta ce, "Mai zane, ya ka gani? Sun ci?" Malam ya miƙe tsaye yadda ɗalibi ke yi, ya ce, "Daidai." Ya zauna.

Ban san yadda aka ƙare ranar ba. An raba takardun shaida, an ɗauki hoto, muna ciki mu biyu a layin baya. Da mutane suka watse na ja shi zuwa wurin Dakta na faɗa mata ko zanen mene ne. Matar nan ta nemi kujera ta zauna. Ta yi ta ba da haƙuri. Ta ce zane ba hujja ba ne, mai yiwuwa cikin ruɗewa ya ƙara wani abu, ko ƙashin wani ya shiga jakar, in ana son tabbaci sai an nemi izinin kotu an tono an yi gwaji.

Malam ya ce, "Dakta, muƙamuƙin a jikin kan yake, kan a jikin sauran. Kuma ni ban taɓa zana abin da ban gani ba."

Ya karɓi takardarsa ya ninke ta a inda take a ninke, ya yi mata godiya.

A mota na fara. Na ce, "Malam, wannan magana ta mutu a nan. Ni da kai da matar can." Na ce makullin Auta ne, yana cikin motar, mutum goma sha takwas suka shiga, jaka goma sha takwas aka jera, musanya kawai aka yi, wasu sun binne namu mun binne nasu, ƙasa duk ɗaya ce. Ya ce haka ne. Na ce to me za a ƙara wa Yaya in an faɗa mata? Ya ce babu. Na ce ka manta shekara ukun nan? Ka manta ranar da ta fita da takalmi wari-wari muka tsinto ta a tasha? Ya ce bai manta ba. Wallahi da faɗa ya yi da ni da na fi jin daɗi. Mutum kana ta zuba yana ba ka gaskiya, amma ka san ba ka taɓa shi ba.

Mako biyu ina bin sa. A ofis, a baranda, a bakin famfo. Har na ce masa 'yar'uwata ce kafin ta zama matarsa, in wani abu ya same ta ba zan yafe ba. Ranar ce kawai ya yi doguwar magana. Ya ce, "Ƙanin mata, tun da muka dawo kullum sai ta tambaye ni me aka koya mana. Na faɗa mata na yatsa. Na faɗa mata na yashi, ta yi dariya. Jiya ta ce, to rana ta huɗu fa? Na ce haƙora. Ta tsaya tana jira in ci gaba. Shekara talatin da uku ban taɓa ɓoye mata ko fashewar kofi ba. Ta riga ta ga akwai abu."

Na ce, "To ka ƙirƙiro wani abin mana. Kowa na yi."

Ya ce, "Ban iya ba. Ka zo ranar Asabar da hantsi."

Na je. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Yaya tana baranda a kan keke, tana ɗinke wa jikarta rigar makaranta, allura biyu a baki. Ta ce, "Yau kuma da wace aka zo, uban 'yan surutu, ka shigo ba ko tsokana?" Malam ya jawo kujera ya zauna gabanta. Bai fito da takardar ba. Ya yi mata bayani yadda yake yi a aji, daki-daki: turmi na uku, shekarun fitowarsa, ramin da ya shafe, abin da ya gani a jaka, abin da mutum arba'in suka faɗa. Muryarsa ba ta hau ba ba ta sauka ba. Ya ƙare da cewa, "Wanda muka binne ba Auta ba ne. Wani magidanci ne."

Yaya ta cire alluran daga bakinta ɗaya bayan ɗaya ta soke su a gefen zane. Ba ta yi kuka ba. Na zaci za ta faɗi, har na matso, ta ɗaga mini hannu.

"Magidanci," ta ce. "Yana da 'ya'ya ke nan."

"Mai yiwuwa," in ji Malam.

"Su kuma aka ba su yaro."

Na yi caraf na ce e, Yaya, haka ne, musanya ce kawai, Auta na can wasu bayin Allah sun yi masa sutura, an ƙirga mutum goma sha takwas, jaka goma sha takwas, ba wanda ya ɓace. Na yi ta maimaita goma sha takwas ɗin nan kamar mai talla. Ta bar ni na gama. Sannan ta dubi mijinta, don ta san inda za ta sami amsar da ba a shafa wa mai ba.

"Malam, waɗanda suka ba mu gawar wani, su ne suka yi ƙirgar?"

Na kafa masa ido. Na roƙe shi da ido iyakar roƙo.

Ya ce, "Su ne."

"Akwai wanda ya gan shi ya shiga motar?"

"Akwatinsa na ciki. Makullinsa na ciki."

"Ba shi na tambaya ba."

Ya ce, "Ban sami wanda ya gan shi ba."

Ta gyaɗa kai. Ta mayar da ƙafa kan keke, ta ƙarasa hannun rigar da ta fara, ta yanke zare da haƙori, ta juya rigar ta duba ɗinkin. Muna zaune muna kallonta. Maƙwabciya ta leƙo aron almakashi, Yaya ta miƙa mata, har ta tambaye ta ya mai jiki. Da matar ta fita sai ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Bana shekararsa ashirin da shida."



"Ya yi gemu yanzu," ta ce. "Ko a hanya muka haɗu ba lallai in gane shi ba."

Ba ta kwanta ciwo ba, ba ta ƙona tukunya ba, keken ma bai tsaya ba. Malam yana nan a ɗakinsa na ƙarshen baranda, ni kuma ban koya wa ɗalibaina ko darasi ɗaya daga bitar nan ba, takardar shaidar tana cikin durowa. Muna gaisawa da shi, amma na daina zolayarsa. Yaya ce dai ta ƙara yawan fita. Zare ɗaya sai ta tafi kasuwa da kanta, ta bi ta tasha, alhali ba hanya ba ce. Ran nan na raka ta, ina ta ba ta labari, sai na lura ba ta jin ko ɗaya. Duk saurayin da ya gifta sai ta bi fuskarsa da kallo har ya wuce, sannan ta koma kan na bayansa.